Ranar da Tela Ya Shiga Neman Bango a Cikin Kwamfuta

Wai an ga Tela da guduma yana rushe bango a cikin kwamfutarsa, har bulo ya faɗo masa a ƙafa. Ƙarya ce. Sukundireba ce kawai, kuma abin da ya faɗo ɗin ƙusa ce, sai guntun mutuncinsa.

Tela mutumin kirki ne, ɗinkinsa ko ruwa ba ya ratsawa. Tun da ya sayi keken aikin ado mai haɗe da kwamfuta, ya ɗaure kwamfutar da ƙyalle kamar jaririya, ya hana kowa taɓawa. Har matarsa, wadda aikin kwamfuta take yi a ofis, ya ce mata hannunta na buga takarda ne kawai.

To ma'ajiyar kwamfutar a rabe take gida biyu. Ƙaramin ɗaki shi ke riƙe da manhajar da ke tuƙa keken, kuma wanda ya sa ta ya bar gari, ba mai sake sa ta. Ƙaramin ya cika, ya yi ja wur, keke ya tsaya cak da wuyan rigar mutane a bakinsa. Babban kuwa akwai fili. Wani ya ce masa a cire bangon tsakani. Sai Tela ya kwance bayan kwamfuta, ya leƙa, ya hura, ya sake leƙawa. Ba bango.

Da rana tsaka ya ɗauko ta a kafaɗa ya bi ta lungu zuwa gida. A ƙofar ɗaki ya yi tari ya fi na mai mura.

"Maman yara, kina da aiki?"

"Hannuna na buga takarda ne, maigida."

Ya sunkuyar da kai, ya ce idan manhajar ta tafi, shagon ma ya tafi. Sai ta tausaya. Ta ce ƙaramin ɗaki ba za a taɓa shi ba. Kayan babban za a kwashe zuwa wata ma'ajiya, a goge shi, a miƙa ƙaramin ya haɗiye filin, sannan a maido kaya.

Wajen kwashewar ne asiri ya tonu. Bayan zanen ado, akwai bidiyo ya fi gashin kai yawa: Tela sanye da rigunan waɗanda suka kawo ɗinki, yana taku gaban madubi, yana ɗaga wa jama'ar da babu hannu.

"A goge wannan?" in ji ta.

Can ƙasa-ƙasa ya ce, "A bar mai shuɗiyar rigar."

Ɗaki ya zama ɗaya, manhaja na nan, keke ya tashi. Amma Tela ya daina haɗa ido da kowa a gidan. Taubashinsa kuwa, wani marar ta-ido, da labari ya kai kunnensa, ya same shi a shago, ya yi masa takun nan har da ɗaga hannu, ya tambaye shi ko ƙafar da bulo ya daka ta warke.

Tela bai ɗago daga kan keke ba.

"Ni dai tawa an sami abin kwashewa," in ji shi. "Kai in aka rushe bangon kanka, ɗaki biyu za a tarar, duk an share."