Yaya Tanko da Gwaggo Mai Tururi

Duk wanda ya san Yaya Tanko ya san ba ya gaisawa da kowa da safe sai ya gaida Gwaggo. Zai fito daga masallaci ya wuce ka kamar bai gan ka ba, ya je bakin tsohon ramin kuza ya dafa cikinta. In ya ji ɗumi, sannan ya juyo ya tambaye ka kwanan iyali. Ni da muke uwa ɗaya uba ɗaya, shekara bakwai ina bin bayan ƙarfe a gaisuwa.

Don yaran da ba su san asalinta ba, Gwaggo injin haƙa ce mai aiki da tururi, ga dogon wuya ga haƙora huɗu. Yaya ne mai hura mata wuta a wurin haƙar kuza a nan ƙasar Doguwa. A shekarun hamsin Turawan kamfani suka kawo mai shan dizal, suka watsar da ita. Shi kuwa ya ajiye aiki ya tare a gindinta. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Mai rai ba ya sanyi. Ran da ta huce, tsatsa ce za ta yi mata sallah."

Wani maƙeri ya taɓa tasowa tun daga Bebeji, yana zagaya ta yana lissafin garma nawa za ta yi. Yaya ya yi masa shimfiɗa daidai ƙarƙashinta, ya dama masa fura, ya bari sai da ya kai ludayi baki, sannan ya ja igiyar usur ɗinta, ta kwarma ihu. Bawan Allah ya arce ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Yaya bai ga dalilin asara ba, ya haɗa shi da wani warin, ya yi ta sawa har ya tsinke.

Matsalar dai ita ce ci, don Turawa sun daina kawo mata kwal. Gwaggo ta cinye karan gonarsa, ta cinye dangarsa, ta shigo tawa. Na same shi ina huci, ya dube ni ya ce, "To kai, ka taɓa ganin danga ta haƙa rami?" Da ya fara taɓa itatuwan gari, dagaci ya aiko cewa in aka ƙara sare ko reshe, maƙera za su zo da guduma.

Haihuwar matata Habi ce ta ceci Gwaggo. Ina ta fama da itacen wankan jego, safe da yamma har kwana arba'in, sai Yaya ya ce in kawo wa Gwaggo rabi kawai. Ya murɗa famfon tukunyar, ga ruwa yana tafasa. Kafin wata uku duk mai jego a garin nan ruwan Gwaggo take sheƙawa, kowacce da ɗaurin itacenta. Liman ya zo yana tambaya ko ruwan injin Nasara yana da tsarki. Yaya ya ce, "Allah gafarta Malam, butar taka a Makka aka ƙera ta?"

Daga nan fa ya fi ungozoma sanin watan kowace mace. In ango ya shekara ba labarin ciki, sai Yaya ya tare shi a hanya ya ce masa Gwaggo na jin yunwa. Ran Juma'a kuma ya sa ta kamfaci ƙasa sau uku don ta miƙe ƙafa. Tafkin da shanunku ke sha yau, miƙe ƙafar nan ce.

Ciwonsa ya zo tsakiyar damina, itace duk a jiƙe, ba mai jego ko ɗaya. Kowace safiya ya tambaye ni ita, in ce da ɗuminta. Ƙarya nake yi, kuma har yau abin yana cina.

Ran da ya cika, tsofaffin mata suka yi ta fitowa da busasshen itace daga madafai, gida-gida, ba wanda ya aike su. Muka hura. Liman da hannunsa ya murɗa famfon, aka sirka, da ruwan aka yi masa wanka. Na taɓa goshinsa na ji sanyi, na fito na dafa cikin Gwaggo da ɗuminta, na zauna a nan na yi kuka.

Yau ni ne mai hura ta, ni mai dangar. Ku yi dariyarku. Yaya, ka ƙi sanyi duk rayuwarka, amma yau shi nake roƙa maka. Allah ya sanyaya makwancinka, ya gafarta maka, har da takalmin maƙerin nan.