Raman da Ɗan da Bai Zo Ba

Bana shekara tara ke nan da mutuwar Raman, maƙwabcina a Greenbelt, kusa da Washington, kuma sai yanzu maganarsa ta fara ba ni tsoro.

Ba'indiye ne mai bin addinin Hindu, ni kuwa Bazazzagi ne. Jirgin ƙasa na Metro ɗaya muke shiga zuwa aiki, yana duba ɗan littafin addininsu. Abin da ya tsinta a ciki, yadda ya bayyana mini, shi ne mutum ya sauke nauyin da ke wuyansa da kyau, sannan ya cire ransa daga sakamako. Nakan tsokane shi cewa tawakkalinmu suka ara suka ɗaura masa zanen Indiya. Sai ya yi dariya. Amma gaskiya ya fi ni aiki da shi. An tsallake shi a ƙarin girma, washegari ya fito da fara'arsa, ni ne ma nake ta kumfar baki a madadinsa.

Ɗa ɗaya gare shi. Ya ɗauki nauyin karatunsa har ya zama injiniya, yaron ya koma California, kira ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Na ce, "Raman, ka kira yaron nan ka yi masa faɗa mana!"

Ya ce, "Malam Sani, na yi nawa. Ban raine shi don ya rama mini ba."

A al'adarsu ƙona gawa ake yi, kuma ɗa ne yake kunna wutar. A nan Amurka maɓalli ake dannawa. Ranar ƙona gawar Raman, muka yi ta jira, matarsa ba ta ɗauke ido daga ƙofa ba. Yaron bai zo ba. Wani ma'aikacin wurin ne ya danna, mutumin da bai ma iya faɗin sunan Raman daidai ba. Na fito waje.

Yau ga ni da furfura, likita ya fara rage murya idan zai yi mini maganar zuciyata. Ɗana Abba yana cikin Washington, jirgin Metro ɗaya ne tsakaninmu, amma sai a yi wata ban sa shi a ido ba. Kwanaki na ce ya zo masallacinmu ya koyi wankan gawa, tunda ana koyarwa. Ya amsa da Turanci, cikin ladabi kuwa: "Baba, ai akwai waɗanda aikinsu ke nan."

Na san abin da Raman zai ce, na yi nawa, in saki. A wurin aiki na koyi hakan daga gare shi, kuma ya rage mini hawan jini da gaba da mutane. Wannan ya bar mini, na gode masa. Amma a kan Abba na kasa. Shi Raman ya tafi bai sa ran kowa ba, fuskarsa a sake. Ni ina sa rai, ina kuma jin tsoro, don har yau ban san hannun wa zai juya ni a kan tabarmar wanka ba.