Daga Najma zuwa Bakin Teku da Jak ɗin da Ya Ƙi Shiga

Najma zuwa Ain Khalid

Wata ranar Alhamis, cikin sanyin da ya gabaci gasar cin kofin duniya, na bar ɗakinmu na unguwar Najma a Doha tun ba a kira assalatu ba. Mu shida ne a ɗakin, don haka takalmina a hannu na fita. Yaya Habu yana jirana a bakin titi cikin farar jif ɗin ubangidansa. Mutumin garinmu ne, Malumfashi, shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan, kuma direba ne a gidan wani Balarabe mai suna Jasim. Ni kuwa gadi nake yi a wani gini. Zuwana ke da wuya korona ta rufe gari, saboda haka ban taɓa wuce Doha ba. Daga ƙofar aiki sai ɗaki.

Mutanen Qatar suna da wata al'ada. Da sanyi ya shigo sai su ja karaban, wato ɗaki mai taya, da gado da banɗaki da wurin girki a cikinsa, su kai shi sahara su kafa. Mahaifin Jasim, wanda kowa ke kira Abu Jasim, korona ta kwantar da shi watanni a asibiti. Ya fito da sanda da ƙarancin numfashi, ya ce ba abin da yake so sai ya kwana a kan yashi. Likita ya yarda da kwana ɗaya. Aikinmu shi ne mu kai karaban, mu daidaita shi, Yaya Habu ya koma ya ɗauko tsohon, domin ya ce ba ya shiga motar kowa sai wadda Yaya Habu yake ja.

Mun yi sallar asuba a masallacin unguwar su Jasim, Ain Khalid, muka shiga haɗa kaya. A gaban karaban akwai wani dogon wuya na ƙarfe mai kusurwa uku, shi ake ɗora wa dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota. A tsakiyar wuyan jak yake tsaye, ana murza hannunsa wuyan ya hau ko ya sauka. Ina cikin murzawa sai na ji ƙas, hannun ya kama juyawa a banza, wuyan ya faɗo. Allah ya taimake mu a kan dunƙulen ya sauka, ba a kan ƙafar Yaya Habu ba.

"Haƙoransa sun cinye," in ji shi. "Na san za a rina, shi ya sa na sayo sabo shekaranjiya. Zare wannan, in mun tsaya Wakra mu ɗaura. Yalla, mu tafi."

Wakra

Rana tana ɓullowa muka iso gefen Wakra. Daga nesa na hango sabon filin wasan da aka gina domin gasar, fari fat, rufinsa a lanƙwashe kamar an kifa jiragen ruwa a kan tudu. Na sha ganinsa a waya, amma a ido ya wuce haka. Yaya Habu ya rage gudu don in ƙare masa kallo.

Muka tsaya a wani gidan mai, muka nuna wa mai shayi wayoyinmu ya ga alamar lafiya ta korona koriya ce, ya ba mu shayin karak mai madara da burodin farata mai ƙwai. Muka fito da sabon jak daga kwalinsa, yana ta sheƙi. Na ɗaga shi na zura a ramin wuyan, ya shiga kamar tsawon gaɓar yatsa ya cije. Muka juya shi, muka shafa masa mai, ko gezau. Bututunsa ya fi ramin kauri, da kaɗan ne, amma ƙarfe ba ya jin roƙo. Cikin ramukan noti uku kuma, biyu ne suka yi daidai.

Yaya Habu ya zauna a kan wuyan karaban. Idan babu jak, ba mai raba karaban da mota a kan yashi, balle ya koma ya ɗauko tsohon.

"Yaya, ko za ka kira ubangidanka?"

"In na kira shi cewa zai yi khalas, a fasa. Tsohon nan kuwa tun jiya ya sa aka ninke masa bargonsa. Kabiru, ba ka ga yadda ya riƙe hannuna ba."

Mai shayin, wani Ba'indiye, ya leƙo ya ga halin da muke ciki. Ya kwatanta mana layin masu walda a bayan gari, ya ce akwai ɗan ƙasarmu a can.

Wurin Masta Fuseini

Ashe ba ɗan ƙasarmu ba ne, ɗan Zangon Kumasi ne a Ghana, wani kakkauran mutum mai furfura a gemu, sunansa Masta Fuseini. Da ya ji sallamarmu ya janye takunkumi ya yi dariya har da dafa ƙirji. Hausarsa ba ruwanta da mace, komai namiji ne.

"Mota nan ya yi kyau," in ji shi. "Me ya same ku da safe haka?"

Muka nuna masa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin wuyan, ya nuna mana cewa faranti biyu ne, na sama da na ƙasa, kowanne da raminsa, kuma duka sai an buɗa. Yaya Habu ya ce a yanka da wuta a gama, lokaci yana tafiya.

"Wuta zai yi sauri, amma zai ci ƙarfe da yawa, gobe ya tsage maka a hanya. Ku ba ni ɗan lokaci."

Kafin ya taɓa komai sai da ya sa muka sauke tukwanen gas biyu da ke ɗaure a wuyan muka kai su can nesa, muka cire kan batir. Ya ɗora gindin sabon jak a kan farantin ya zagaye shi da alli. Sannan ya kama injin gurza ƙarfe mai ɗan siririn kai, yana bin zanen a hankali, ya ci kaɗan ya tsaya ya gwada, ya sake ci. Tartsatsi yana tashi, ni ina riƙe da jak ɗin, Yaya Habu yana ta duban rana. A gwaji na ƙarshe bututun ya sulale har ƙasa, babu cijewa, babu girgiɗi. Ya huda ramin noti na uku, ya toshe tsohon da walda, ya goga magagari, ya fesa baƙin fenti saboda gishirin teku. Muka ɗaure notocin da sifana.

"Murza mu gani," ya ce da ni.

Na murza da hannu ɗaya, katafaren ɗakin nan ya ɗaga daga bayan mota kamar ba shi da nauyi. Yaya Habu ya biya shi, suka yi musayar lamba. Ya raka mu har titi yana cewa, "Ku gaishe da tsoho. Ni ma ciwo nan ya ɗauke babana, ban samu na je gida ba."

Mesa'id zuwa Silain

Hantsi ya dubi ludayi muka wuce Mesa'id, garin masana'antu, inda wuta ke ci a saman dogayen bututu ba dare ba rana. Gaba kaɗan ƴan sanda suka tsayar da mu, suka duba izinin kafa sansani da wayoyinmu, suka ɗaga hannu. A Silain, inda kwalta ta ƙare, muka rage iskar tayoyi kamar yadda kowa yake yi, ga raƙuma a durƙushe suna jiran masu hawa.

Ƴan uwana na gida, na san yashi, na yi wasa a cikin na rafin garinmu, amma wannan daban ne. Tuddai ne masu tsayin bene, sumul, ba ciyawa ba dutse, iska ta zana musu layi kamar saƙa. Hagunmu kuwa teku ne shuɗi, kwance har ƙarshen gani. Muka bi gefen da ƙasa ta yi tauri har filin da aka ware wa gidan su Jasim. Muka sa katako a ƙarƙashin jak, na murza, mota ta fita. Yaya Habu ya ajiye kofin ruwa a tsakar ɗakin, yana cewa in hau ko in sauka, har ruwan ya kwanta daidai. Ko zama bai yi ba ya juya Doha.

Na wuni ni kaɗai. Tun da na bar gida ban taɓa zama inda babu ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ko tarin maƙwabci ba sai ranar. Na yi alwala, na yi azahar a kan yashi, na daɗe ban tashi ba.

Bayan la'asar suka iso, Jasim yana biye da su a motarsa. Aka buɗe wa tsohon ƙofa, ɗan siririn mutum, farar riga ta yi masa yawa. Jasim ya miƙo hannu zai kama shi, ya ture hannun. Ya zauna a bakin kujera ya tuɓe takalmansa da kansa, ya sauke ƙafafunsa cikin yashi, ya nutsa su har idon sawu. Jasim ya juya baya yana gyara rawaninsa. Da magariba muka ci shinkafar majbus da naman rago a tire ɗaya, tsohon ya sa aka ƙara mini gahawa da dabino.

Khor al-Udaid

Da sassafen Juma'a tsohon ya ce a kai shi Khor al-Udaid. Babu hanya, babu alama, shi ne yake nuna wa Yaya Habu da yatsa: nan, can, hau, tsaya. Motar ta hau tudu har na ga sama kaɗai ta gilashi, ta gangaro ina riƙe da kujera gam. A kan tudu na ƙarshe ya ɗaga hannu, muka tsaya.

A ƙasanmu teku ne ya ratso cikin sahara ya kwanta tsakanin tuddai, yashi yana gangarowa kai tsaye cikin ruwa, ruwan kuma garau har kana ganin ƙasansa. Babu gida, babu itace, babu motsin kowa. A can ƙetare wasu duwatsu ne jajaye a jere. Tsohon ya yi mini magana, Yaya Habu ya fassara.

"Yana tambaya, ka taɓa zuwa Makka?"

"Ce wa Baba ban taɓa ba."

Ya kamo hannuna ya nuna duwatsun da sandarsa.

"Ya ce wancan ƙetaren Saudiyya ce. Yau ka gan ta da idonka, saura ka taka."

Na tsaya ina kallo har idona ya kawo ruwa. Mahaifiyata na tuna, wadda kullum addu'arta ita ce Allah ya kai mu Makka, ni da ita. Tsohon ya ɗaga hannuwansa, muka ɗaga namu, mu huɗu har da Jasim a kan tudun.

Komawa

Mun bar karaban a tsaye a inda muka kafa shi, zai kai ƙarshen sanyi a can. Muka ƙara iskar taya a Silain, muka samu Juma'a a Wakra. Tsohon ya yi barci tun daga Mesa'id har ƙofar gidansa, yashi a tsakanin yatsun ƙafarsa, ya kuma hana a wanke masa. Yaya Habu ya sauke ni Najma ana kiran la'asar, titi cike da mutane da ƙamshin soye-soye. Na shiga ɗaki na juye takalmina a kan takarda, ƴan ɗakinmu suka zagaye yashin suna taɓawa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Yaya Habu da ya tuna da ni, da Masta Fuseini, Allah ya jiƙan mahaifinsa. Abu Jasim kuma, Allah ya ƙara masa numfashi, ya karɓi addu'ar da ya yi mana.