Masu Tsintar Wake

Na haura shekara arba'in lokacin da na koma makaranta neman digiri na uku. Fannin da na zaɓa shi ne nazarin halayyar ɗan Adam a wurin aiki, wato abin da ke sa mutum ya so aikinsa, da abin da ke sa ya gundure shi.

Mu huɗu ne a ajin. Akwai ni, da na daɗe ina buga takardu a ofis, sai wani tsohon malamin firamare ɗan Tangale, da wani Bafillace da ya yi aikin jinya, da wata 'yar Borno wadda rikici ya koro danginta suka zauna a unguwar Bagadaza, nan Gombe. Ranar farko Farfesa ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "A zamaninmu duk maza ne, 'ya'yan ma'aikatan gwamnati, kuma manajojin banki kawai muke nazari. Ku ban san abin da za ku kawo mini ba."

Ni dai matan da ke tsintar wake a kasuwar hatsi nake so in yi nazari. Na shirya takardar tambayoyi irin ta littattafanmu, na roƙi 'yar Bornon nan ta raka ni. Yaya take ce mini, don na girme ta.

Da hantsi muka isa. Mata suna zaune a rumfa, kowace da faifai a cinya, rana tana ratsowa ta hujojin kwano, ƙaiƙayi yana yawo a cikin hasken kamar ba ya son sauka. Na durƙusa gaban wata tsohuwa na gaishe ta, na karanta tambayar farko.

"Iya, kina jin daɗin aikinki ƙwarai, ko kaɗan, ko ba kya ji sam?"

Duk rumfar ta fashe da dariya. Tsohuwar ba ta ko ɗago kai ba. Kunya ta kama ni, na fara naɗe takardar.

Sai abokiyata ta tuɓe takalmi ta zauna a tabarma, ta jawo faifai, ta yi wa tsohuwar magana da Barbarci. Hannun tsohuwar ya tsaya cak. Ta dube ta, ta tambayi garinsu, daga nan magana ta ɓalle. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na zauna ina sauraron muryarta tana hawa tana sauka, wake yana zuba a buhu kamar yayyafi, har na ji kamar barci zai ɗauke ni a zaune.

A hanyar komawa abokiyata ta fassara mini. "Yaya, cewa ta yi duk sa'ad da ta sa hannu cikin wake, gonarta take komawa, wadda ta baro a bakin tafki. Tana bin kunya-kunya, tana gaisa maƙwabta, har da waɗanda suka rasu. In an tashi aiki sai ta dawo Gombe. Ta ce shi ya sa ba ta son ranar hutu."

Na kai wa Farfesa labarin ina fargaba, don ba shi da gurbi a takardata. Ya cire tabarau ya ce, "Ajiye takardar. Koma ki zauna da su."

Haka na yi har damina biyu. Ranar Asabar mukan haɗu a gidan tsohon malamin firamaren nan a unguwar Manawashi, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, mu kunna muryoyin matan da na ɗauko a rikoda. Shi ya fassara na Tangale, ma'aikacin jinyar ya ɗauki na Fulatanci, matar malamin kuma tana kawo mana kunun gyaɗa. Wani lokaci mukan manta da rubutu, mu zauna muna saurare kawai.

Bayan na kare kundina a gaban malamai, na koma rumfar don in gaya wa tsohuwar. Aka ce ɗanta ya zo ya tafi da ita gida, an samu zaman lafiya a wajensu. Matar da ke zaune a wurinta ta matsa mini, ta miƙo faifai. Na zauna muka yi tsinta har aka kira la'asar.