Yadda Malam Dabo Ya Koya wa Fatalwa Hausa

Malam Dabo direban motar 'yan makaranta ne, doguwar nan mai ruwan ɗorawa, har ya ajiye aiki. Mutanenmu na Hyattsville sun san shi da ƙarancin magana. Ko a masallaci, daga gaisuwa sai "to madalla". Amma da samartakarsa a Gusau, shi ne bakin gidan silima. In an sa fim ɗin Indiya, samari har rububin zama kusa da shi suke yi, don shi ke juya musu zancen da Hausa. Ba wai yana jin yaren ba ne. Fuska yake kallo, ya sa mata maganar da ta dace da ita, a ba shi rake da gyaɗa.

Da ya zo Amurka sai bakin ya mutu. Sanyi bai dame shi ba kamar yadda lamarin Najiba ya dame shi, 'ya ɗaya tilo da Allah Ya ba su shi da matarsa Rahmatu. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma ko "na'am" ba ta cewa, komai sai da Turanci za ta amsa. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, a banza.

Wata shekara ganye ya fara ja, maƙwabta suka jera kabewa mai fuskar mutum a bakin ƙofa, suka rataya ƙwarangwal na roba a bishiya. Halowin, bikinsu na fatalwa da dodanni, ta zo ke nan. Najiba ta dawo daga makaranta tana kuka, wai ƙawayenta duk suna kallon fim ɗin tsoro, ita kaɗai ce ba ta da labarin bayarwa. Rahmatu ta ce atafau. Da ma ta hana ta shigar dodo da bin gidaje neman alawa.

"Maman Najiba, bar ni da ita," in ji Dabo. "Za ta kalla, amma a kashe murya. Ni zan yi musu baki."

"Malam, da girmanka?"

"Girman ai yana nan, ba inda zai je."

"To, ku dai kashe kafin Magariba."

Ran Asabar bayan La'asar aka saki labule. A talabijin wata Baturiya ta doshi wani tsohon gida da tocila a hannu. Dabo ya gyara zama.

"Ke Ladidi, ina za ki? Gidan mutane ne fa! Ku dube ta, ba sallama ba bisimilla. To ina za ki ga daidai?"

Da fatalwar ta leƙo ta bayan ƙofa, sai ya maƙale murya: "Maraba da baƙuwa. Yau da wa ake miya?" Najiba ta fasa ihu, ta koma dariya har da birgima a kafet. Rahmatu tana kicin, wai ba ruwanta, amma ana jin ludayi ya tsaya. Bayan salla ta tofe su da Falaƙi da Nasi, har shi Malam ɗin.

Haka abin ya zama al'adar gidan duk Oktoba. Kowace yarinya a fim Ladidi ce, kowane saurayi mai rawar kai Tanko. Najiba ta haddace zantukan, Dabo yana ganin leɓenta na motsi tare da nasa. Amma in ya juyo ya ce, "To faɗi mana," sai ta sunkuyar da kai ta amsa da Turanci. Ta girma, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure a Bowie. Rahmatu ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta. Daga baya Dabo ya sami shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, harshe ne ya yi nauyi. Najiba ta ɗauke shi ya koma wurinta.

Bana da kabewa ta sake fitowa, jikarsa Kausar ta matsa sai an yi mata kallon da uwarta ke ba ta labari. Aka saki labule, aka kashe murya. Ga wata Ladidin ta tunkari ƙofa. Dabo ya buɗe baki. Maganar tana nan cikin kansa tsaf, har da karin muryar, amma ta ƙi fita. "Ke... ke..." Kafin ya kamo kalma ta biyu, Ladidin ta shige, hoton ya wuce. Ya kalli hannunsa a kan gwiwa, ya ce a ransa shi ke nan, da shi za a binne Hausar nan.

Kausar ta gaji, ta miƙa hannu za ta ƙara murya. Najiba ta riƙe hannun.

"Ke Ladidi," ta ce. "Ina za ki? Gidan mutane ne fa. Ba sallama ba bisimilla!"

Harshenta ya ɗan karkata irin na 'ya'yan nan ƙasar, amma Hausa ce. Ta ci gaba, ta yi Tanko, ta maƙale murya ta yi fatalwa, har da "Yau da wa ake miya?" Kausar tana ƙyalƙyala dariya tana tambayar mene ne miya. Dabo bai ƙara kallon talabijin ba. Leɓen 'yarsa yake kallo, nasa na motsi tare da nata.

Can wayarta ta yi kiran salla. Ta juyo gare shi, ta yi masa magana da Hausa.

"Baba, a kashe, Magariba ta yi."

Ya ji ta sarai. Amma ya kara hannu a kunne, ya tattaro harshensa da ƙyar.

"Na'am?"

Sai ta sake faɗi.