Mai Sunan Malam

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin Nata'ala mai gyaran keke a Kwamba, mutumin da kunyar kakarsa ta kusa sa shi hauka.

A shekarun da garinmu ya bar sunan Abuja ya koma Suleja, matarsa ta haifi namiji. Nata'ala ya rantse sunan kakansa zai sa wa yaron, tsohon sojan Turawa da ya je yaƙin Bama. To, sai dai kowa Saje ya san shi da shi. 'Ya'yansa sun rasu. Saura matarsa, Iya Gambo, kakar Nata'ala. Sai ya same ta.

"Tsohuwa, mene ne sunan mijinki?"

"Kai, ɗan nema! A bakina? Ko yana raye ban taɓa faɗa ba, sai yanzu da ƙasa ta rufe shi?"

"To raɗa min a kunne."

"Kunnen ba naka ba ne?"

Ranar suna na ƙaratowa. Ya rufe rumfarsa, ya taka keke har Tafa wajen Baba Bitrus, wanda suka yi soja tare. Tsoho ya ba shi labarin ruwan Bama, da sauro, da irin tsawar Saje, har la'asar. Suna fa?

"Saje Zariya. Can aka ɗauke shi, Bature kuwa sunan gari yake liƙa wa mutum."

Ya dawo taya ta sace, ransa ya fi tayar laushi. Yana zaune a zaure yana huci sai Isiyaku mahauci ya yi sallama, ya kawo ragon suna. Daga ciki Iya Gambo ta ɗaga murya:

"A ce wa Mai Sunan Malam ya shigo da shi!"

Nata'ala ya miƙe zumbur. Tun yana yaro yake jin ta tana kiran mahaucin haka, shi duk zatonsa wani malamin allo ake nufi, ashe mijinta ne Malam ɗin.

"Tsohuwa! Isiyaku ne?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ni dai ban ce ba."

Aka raɗa wa yaro Isiyaku. Da aka miƙa mata shi, ta dube shi ta ce, "Sannu da zuwa, Saje." Kafin a gama rabon goro, duk gidan sun ɗauka, kowa Saje yake kiransa.

Nata'ala ya riƙe kai. Yanzu in jikokin wannan yaro suka tashi neman sunansa, wa kake gani za su tambaya?