Na Ce Mata Injin Ban Ruwa Ne

Akwai wata 'yar ƙara da ba za ta bar kunnena ba har in koma ga Mahaliccina. Siririya ce, kamar kukan sauro a cikin tulu. Ko yanzu, bayan shekarun nan, in fanka ta fara irin wannan kukan sai in ajiye abin da ke hannuna in zauna. Daga wannan ƙarar komai ya fara, wata hantsi, a ɗakin da aka sauke mu a gidan surukina.

Maigidana malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Gusau, kuma tun kafin in san shi yake fama da son taurari. Ya yi shekaru yana tari, ya haɗa da filin da ya saya tun yana saurayi, har aka kawo masa madubin hangen nesa daga waje a cikin akwatuna uku. Baƙin bututu ne mai kyamara a jikinsa, tsawonsa ya kai ƙirjina. Amma Malam ya ce mazauninsa ya fi shi daraja, wani ƙarfe mai ƙafa uku da ɗan inji a cikinsa. Ya yi mini bayani cewa taurari tafiya suke yi, hotonsu kuwa sai an shafe sa'o'i ana ɗauka, don haka mazaunin ne ke juya bututun a hankali yana bin su. In ya girgiza ko da kaurin gashi, aikin ya lalace. Ni dai ina goge masa ƙura, ina riƙe masa fitila, ina kallon yadda hannuwansa ke yi. Ban san wannan kallon zai yi mini rana ba.

A Gusau fitilun titi da na maƙwabta suna kashe masa sama. Da damina ta ɗauke, sama ta wanke, sai ya nemi hutun kwana goma ya ce mu je ƙauyensu, can bayan Bungudu, inda duhu yake duhu. Na ce, “Malam, hanyar nan fa?” Ya ce an kwana biyu ba a ji komai ba, kuma Baba ya tsufa, ya kamata ya ga jikarsa. Muka tafi da ɗiyarmu, lokacin tana shekara bakwai, akwatunan a naɗe cikin buhunan taki.

Tun a mota ya kafa mana doka. “Kada kowa ya san ko mene ne, balle ya san darajarsa.” Ban ga laifinsa ba. A wajenmu yanzu, a ce kana da abu mai tsada, kamar ka aika wa mutanen daji goron gayyata ne. Kowa ɓoyo yake yi. Mai shanu ya ce na amana ne, mai albashi ya sa tsohuwar riga in zai je gida.

Bayan isha'i yake hawa da shi kan soro. Sai ya fara saita mazaunin da tauraron arewa, domin in ba a yi haka ba ba ya bin sama daidai. Ba ya kunna farar fitila, sai wata 'yar ja, wai fara tana ɓata ido, har ya roƙi mutanen gida su riƙa rufe tocila. Mu ba mu kawo komai a ranmu ba. Ba mu tuna cewa dajin da mutanen ƙauyen ke kwana da tsoronsa a arewa yake ba.

Da wata ya kwana uku, Malam ya ɗaga yarinyar ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sauko tana tsalle, wai a jikin wata akwai ramuka kamar tandar waina. Ta ce, “Inna, gobe zan kirawo su ƙawayena su gani.” Na kama kunnenta na murɗe. Na ce in na ji ta faɗa wa ko kaza, sai na yanka ta. Ta yi kuka har ta yi barci.

Washegari da hantsi maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya. Mace ce mai fara'a, mijinta manomin fadama, tun ranar da muka zo take aiko mini da nono da kuɓewa. Muna tsaye a bakin ƙofa muna gaisawa, sai wannan 'yar ƙarar ta taso daga ƙuryar ɗaki. Ashe yarinyar ce ta shiga ƙarƙashin zanen da na lulluɓe abin da shi, ta danna wani maɓalli. Zane ya fara juyawa shi kaɗai, a hankali, bakin bututun ya leƙo.

Matar ta ja da baya ta dafe ƙirji. Ta ce, “Matar Malam, wanga abu fa? Shi ka juya kainai?”

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce, “Injin ban ruwa ne, Malam ya kawo wa Baba.”

Ta dube ni, ta dubi zanen. Ta ce, “To, Allah shi sa albarka.” Ta karɓi rariya ta fita. Matar manomin fadama na yi wa wannan ƙaryar, wadda ta tashi da kukan injin ban ruwa a kunnenta. Ko Malam ban gaya wa ba, don kada ya ce na bar yarinya ta taɓa masa kaya.

Bayan kwana huɗu, da safe, mutanen daji suka fito wa masu roron wake a gonakin arewa. Muna jin harbi daga gida. Suka tafi da mata da yara, cikinsu har da maƙwabciyar nan, da goyonta a baya.

Ana sallame la'asar muka ji hayaniya a zaure. Kafin in ɗaura mayafi sun shigo har tsakar gida, abin da a da ba mai yi. Matasan da ke gadin ƙauye ne, da gora da adduna, mijin matar a gabansu, idanunsa jajur. Suka fizgo Malam daga kan buzu. Wasu suka shiga ɗaki suka kinkimo abin, suka dire shi a gaban rumbu, suka yaye zanen.

Mijin ya ce, “Ga injin ban ruwan. Ku duba ku gani. Ina bakin ruwa? Ina tankin mai?” Ya juyo gare ni. “Ke kika faɗa mata haka, ta zo ta faɗa mani. Kullum yana bisa soro yana auna daji da jar wuta, yana cewa a kashe tocila. Mi yake gaya masu?”

Malam ya buɗe baki ya ce, “Taurari nake…” Bai ƙarasa ba gora ta sauka a fuskarsa. Ya ɗaga hannu ya kare, ta biyu ta sami hannun. Na ji ƙarar ƙashin. Wani yana cewa a fitar da shi bayan gari. A ƙasarmu kowa ya san abin da wannan maganar ke nufi, wanda aka kira mai kai wa 'yan daji labari ba ya ganin alƙali.

Surukina, tsohon da ko masallaci sai an riƙe shi, ya rarrafo ya kwanta a kan ɗansa. Liman ma ya iso yana haki. Ya ce, “Ku tsaya. Ya ce na kallon sama ne. To a nuna muna. In ƙarya ce, ba ni hana ku.”

Wani ya ce, “Da rana za a nuna muna tauraro, Malam?”

Na ɗaga kai ina kiran sunan Allah, ba don ina neman komai ba. Sai ga wata, rabinsa, fari fat kamar ɓarin ƙwarya, a saman bishiyar darbejiya. Na ce, “Ga wata can.”

Amma wa zai saita? Malam yana ƙasa, hannun dama ya karye, ido ɗaya ya rufe da jini. Ya ce da ni da murya ƙasa-ƙasa, “Ki cire kyamarar, ki sa gilashin leƙe. Ki sassauta makullan nan biyu, ki tura da hannu. Kada ki bari ya kalli rana.”

Ni da ko mazan gidan ban cika haɗa ido da su ba, na tsaya a tsakiyar maza sun fi talatin. Na cire kyamarar, na sa gilashin. Na sassauta makullan kamar yadda na sha ganin yana yi, bututun ya yi nauyi ya rinjaye ni, na tare shi da kafaɗa. Na leƙa ta ƙaramin madubin da ke gefensa, ba komai sai shuɗi. Na matsa, shuɗi. Bayana ina jin ana cewa, “Tana ɓata muna lokaci.” Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sai wani farin abu ya gifta ya wuce. Na dawo da shi kaɗan-kaɗan, na ɗaure makullan, na murza abin gyara gani har ramukan wata suka fito.

Liman ya fara leƙawa. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya ɗago ya ce, “Subhanallahi. Wata ne.” Ɗaya bayan ɗaya suka leƙa, kowa ya ɗago sai ya kasa duban inda Malam yake kwance. Gora ta fara sauka ƙasa.

Mijin matar ne na ƙarshe. Ya leƙa, ya ɗago, ya dubi watan da idonsa, ya sake leƙawa. Sai ya ce da ni, muryarsa ta canza gaba ɗaya, “In yana ganin wata, ai yana ganin daji. Don Allah, matar Malam, juya shi. Duba mani inda suka kai ta.”

Na san ba zai yi ba, amma ban iya ce masa a'a ba. Aka ɗaga mini shi kan soro, na juya bututun arewa, karo na farko da aka taɓa auna dajin da shi da gaske. Ya manna idonsa. Ba abin da ya gani sai ganyen wata bishiya, kanta a ƙasa, don a kife madubin ke nuna abu. Ya zauna a wurin ya rufe fuska da hularsa. Har aka kira magariba yana nan.

Matar ba ta dawo ba. Wasu daga cikin waɗanda aka ɗauka sun dawo bayan watanni, ita da goyonta ba a sake jin labarinsu ba. Kalma ta ƙarshe da ta ji daga bakina ƙarya ce, kuma rariyata tana gidanta har yau. Kullum ina sa ta a addu'a, ina roƙon Allah Ya isar mata da neman gafarata.

Malam ya rasa idon nan na dama, wanda yake leƙawa da shi. Hannun ya ɗoru amma ba ya riƙe alli da kyau. Akwatunan uku suna ƙarƙashin gadonmu a Gusau, ban ga ya buɗe su ba tun ranar. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ya ce shi ya kafa dokar. Mutanen ma ban riƙe su a zuciya ba, ko da yake abin da suka yi zalunci ne. Tsoro ya cinye su kamar yadda ya cinye mu. Mun ɓoye abu don kada mugaye su gani, sai muka ɓoye wa mutanen kirki, muka bar su su cike gurbin da abin da suka fi tsoro. Tun daga nan, duk abin da zai sa in yi wa maƙwabci ƙarya, na gwammace in rasa shi.

Wannan ba ni na gano da kaina ba. A motar da ta ɗauko mu zuwa asibiti a Gusau, kan Malam yana bisa cinyata, yarinyar tana maƙale a gefena. Muna wuce Bungudu ta taɓa hannuna, ta ce, “Inna, da kin bar ni na kirawo ƙawayena sun ga wata, ai da sun gaya wa babanninsu.”